Inuwar da Na Goge

Sana'ata gyaran fuskokin mutane ce. Ina da ɗan shago a Takur: tebur ɗaya, kwamfuta, firinta, da farin ƙyallen da nake ratayawa a bango idan za a ɗauki hoton fasfo. Amarya ta kawo hotonta in share mata ƙuraje, mai neman kujera ya kawo nasa in rage masa tumbi. Wani dattijo ya taɓa cewa in mayar masa da haƙoransa biyu na gaba, na kuwa mayar masa, har sun fi na da kyau. Na daɗe ina wannan aikin har idona ya lalace. Ba na iya kallon hoto sai in fara neman abin da ya kamata a cire. Da wannan idon na kalli hotunan Inna, mahaifiyata, kuma abin da na yi musu har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Hotuna ne guda goma sha tara, ƙanana, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Tana ajiye su naɗe a wani tsohon kallabi, cikin kwalla mai murfi da ta taho da ita daga ƙauyenmu na wajen Taura, lokacin da Baba ya rasu na ɗauko ta ta dawo gidana a Yalwawa. Kullum idan ta idar da sallar la'asar sai ta jawo tabarma bakin ƙofar ɗakinta. Ko'ina kake a gidan za ka ji ƙarar murfin kwallar nan, ƙwal. Sai ta warware kallabin ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya dab da fuskarta, don idonta ya fara rauni. Ba ta cewa komai, ba ta kuma kiran kowa ya taya ta gani. Ni a zatona kewar ƙauye ce take damunta.

Yaya ne ya ɗauke su, babban wanmu, ɗan farin Inna. Yana makarantar horon malamai ya dawo hutu da wata kyamarar roba, ja da baƙi, irin wadda ake sayar wa yara da sallah. Ba ta da nauyi ko kaɗan, idonta ma roba ne. Murfin bayanta ba ya rufuwa sosai, sai ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ta. Mutanen gari suka yi ta yi masa dariya har ranar da ya kai fim ɗin wanki ya dawo da hotuna. Daga nan kowa ya koma neman a ɗauke shi, waɗanda suka fi kowa dariya su ne a gaban layi.

In faɗi gaskiya, a ma'aunin sana'ata ba su cancanci a kira su hotuna ba. Kusurwoyinsu huɗu duhu. Tsakiya ce kawai take fitowa, gefe duk dishi-dishi. Ta hannun dama akwai wani jan haske mai kama da harshen wuta, inda rana take satar shiga ta murfin nan da ba ya rufuwa. Sannan a ƙasan kowanne akwai wata doguwar inuwa baƙa da ta taso daga bakin hoton ta miƙe har gaban ƙafafun mutane. Yaya ba ya ɗauka sai da yamma, kuma takardar da ta zo da kyamarar ta ce mai ɗauka ya ba rana baya. Shi kuwa mutum ne mai bin takarda.

Shi kansa ba ya cikin ko ɗaya, don bai taɓa ba kowa riƙon kyamarar ba. Hotunan mutanen gari an raba wa masu su, waɗannan na gidanmu ne: Baba da rediyonsa a gindin darbejiya, yayyena mata a gaban rumbu, ni a cinyar Inna na wage baki ina kuka. Inna tana cikin kowanne, amma ba za ka ga idonta ba. Kanta a sunkuye yake a dukkansu, tana kallon ƙasa.

Wannan bai taɓa ba kowa mamaki ba a wurinmu. Inna ta tashi a lokacin da kunyar ɗan fari take da ƙarfinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko mai irin sunan ta gamu da shi sai ta laƙaba masa wani. Tun da aka yaye shi Goggo, yayar Baba, ta ɗauke shi, gidanta kuwa yana jikin namu. Idan ya shigo gaishe da Inna, tana amsawa ne tana kallon tukunya. Idan za ta ba shi abinci sai ta miƙo mini kwano ta ce, "Kai wa mutumin Goggonku." Ni ne auta, ni ake goyawa har ƙafata tana jan ƙasa, ni ake kira da suna a haɗa da kirari. Saboda haka idan ya ɗaga kyamara ya ce kowa ya dubo nan, kowa yana dubowa ban da ita.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi a wata bazara, kwana uku tsakanin ciwon kai da kabari. Ina ɗan shekara bakwai. Goggo ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna kuwa tana bakin murhu tana dama wa masu gaisuwa kunu, idonta a bushe, na ji mata suna yaba mata wai ta cika mai kara. Da wannan na girma a raina. Ina ganin Yaya ɗan Goggo ne, Inna haihuwarsa kawai ta yi. Kyamarar ban san inda ta shiga ba.

Shekara biyu da suka wuce na kai ta wurin likitan ido. Ya haska, ya sake haskawa, sannan ya jawo ni gefe ya ce ba yana kaɗai ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa a hankali, abin da ya rage a lallaɓa shi. A hanyar gida na ce bari in yi mata abin kirki. Tun da idon tafiya yake yi, in gyara mata hotunan nan, in ƙara musu girma da haske ta more su kafin ya tafi. Na roƙe ta aronsu. Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce biyu. Ta miƙo mini ƙunshin da hannu biyu.

Na ɗora su a kan sikana ɗaya bayan ɗaya, na buɗe su a manhajar gyaran hoto, na naɗe hannun riga. Na haska kusurwoyin. Na kashe jan hasken nan na gefe. Na dawo wa ganyen darbejiya da korensa, na wanke fararen riguna suka yi fes. Inuwar ce ta fi ba ni wahala, ita ce kuma na fi alfahari da ita. A manhajar akwai abin da kake ɗebo ƙasa mai kyau daga gefe ka shafe abin da ba ka so, kamar yaɓen ɗaki. Haka na bi ta sau goma sha tara, ina ɗebowa ina shafewa, har da tsakuwoyi da kashin awaki na dasa a wurin don kada a gane an taɓa. Ina yi ina tsaki, ina cewa a raina ai ko makaho ya san ba a barin inuwar mai ɗauka a hoto. Duk wanda na gama sai in danna ajiyewa, sabon ya hau kan tsohon ya danne shi. Ɗan koyo ma ranar farko ake hana shi wannan, amma ni a lokacin ban ga abin da zai sa in nemi na baya ba.

Na buga su manya, na sa uku a firem, na kai mata ina jiran yabo. Ta karɓi na farko ta kai shi dab da ido. Na ga idon bai tsaya a kan fuskoki ba, ya gangara ƙasa ya yi ta yawo a wurin. Ta ɗauki na biyu, haka. Ba ta kai ga na huɗu ba ta jera su a gefe.

"Sannu da ƙoƙari, Auta. Allah ya yi albarka," in ji ta. "Ina tsofaffin?"

"Suna shago, Inna. Ai waɗannan sun fi su."

"Sun fi su," ta ce. "Ka dai taho mini da su."

Na ce gobe. Goben ta zama jibi, jibin ta zama mako uku. A raina har da ɗan haushi, na yi kwana biyu ina aiki an sallame ni da sannu. Ta sake tambaya sau biyu, a hankali, sai ka ce abin ba nata ba ne. Suna cikin ambulan a saman kabad ɗin shago ranar da aka yi wani ruwa mai iska, wata Juma'a da na rufe tun azahar. Iskar ta ɗaga kwanon rufi ɗaya, daidai saitin kabad ɗin. Da na buɗe washegari na tarar sun sha ruwa sun manne, sun zama curi guda. Na sa reza in raba su. Na farkon da ya ɓanɓaru, fuskar Baba ce ta biyo yatsana, ja da ruwan ɗorawa, ta narke.

A tsaye na faɗa mata, don na kasa zama. Ta saurara har na gama kame-kamena. Ta ce, "Ba komai. Abin duniya ne." Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Daga ranar ba a sake jin murfin kwalla ba. Tana idar da la'asar sai ta zauna a kan tabarmar, hannuwanta a cinya, ta zuba wa tsakar gida ido. Manyan hotunan da na buga, matata ce ta gano su a ƙarƙashin gado, an kife su. Tuwon da take cinyewa ya koma rabi, rabin ya koma loma uku. Ba ta yi fushi da ni ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Goggo ce ta warware mini. Ta zo duba Inna daga ƙauye, ta tsufa tukuf amma bakinta yana nan da kaifinsa. Ni da neman wanda zai wanke ni, na ɗauko hoto ɗaya a firem na nuna mata a zaure, inda Inna ba za ta ji ba. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa.

"Ina shi?"

"Wa, Goggo?"

"Yayanka. Ina ka kai shi?"

"Ai Yaya ba ya cikin hotunan nan. Shi ya ɗauka."

Ta yi mini irin kallon da take yi wa akuyar da ta shiga rumbu. "Kai dai karatun naka a hula ya tsaya, bai shiga kai ba." Ta sa yatsa a ƙasan hoton, a kan tsakuwoyin da na dasa. "Nan yake. Nan hularsa take, nan gwiwar hannunsa. Shekara talatin da 'yan kai uwarka tana buɗe kwallar nan, ka zaci mu take kallo? Ni da ta gani har ta gaji? Ba shi da hoto ko ɗaya a duniya, ɗan nan. Wannan ne kaɗai, kuma shi ne wanda za ta kalla a gaban kowa ba a ce ta yi rashin kunya ba."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta ce maka me? Ta ce ka bar mata wa?"

Na zauna a dandariyar zauren da firem ɗin a hannuna. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoro kuma, don na tuna maganar likita. Matar nan ta ba ni ɗanta da hannu biyu, aron kwana biyu, na shafe shi da ƙasa ina tsaki. Idan idonta ya rufe kafin in mayar mata da shi, to ni ne na binne shi karo na biyu.

Goggo tana da hoto ɗaya na kyamarar, ita da ragonta a ƙofar gida. Ranar da aka ɗauke shi akwai hadari, saboda haka babu inuwa, amma duk sauran aibobin suna nan. Na bi ta ƙauye na karɓo, bayan ta sa na yi mata alkawari a gaban mutum biyu cewa ba zan gyara shi ba. Na jingina shi a jikin kwamfuta, na buɗe tsabtatattun hotunana, na fara koyon ɓata aiki.

Ashe ɓatawa ta fi gyara wuya. Akwai masu koyar da abin a intanet, samari a wasu ƙasashe da suke mayar da sabon hoto ya yi kama da na kyamarar wasan yara don nishaɗi, wai tsohon yayi. Manhajar ma tana da maɓallin da zai duhunta maka kusurwoyi a dannawa ɗaya. Na danna, duhun ya zauna daidai wa daida ta ko'ina, kana gani ka san ƙarya ne. A hoton Goggo kusurwar sama ta hagu ta fi sauran duhu, don idon kyamarar a karkace yake zaune. Dole na ɗauki burushi mai laushi na shafa duhun da hannu, kaɗan-kaɗan, in shafa in goge. Dishi-dishin gefe ma nasa daban ne, abubuwa suna janyewa ne zuwa waje. Sai da na ninka hoton biyu, na ja na saman, na huda tsakiyarsa na ƙasan ya leƙo.

Launi ya ci mini mako guda. Baƙin hotunan Yaya ya ɗan yi toka-toka, irin na rinin da ya sha wanki. Fari yana jan ruwan ɗorawa, kore yana jan shuɗi, fuskoki kuma duk sun yi ja-ja. Na zuba musu ɗan yashi-yashin nan na fim. Jan hasken gefe ne ya ƙi zanuwa, duk yadda na zana shi sai ya fito fenti. A ƙarshe na rufe ƙofar shago da yamma na bar 'yar kafa, na manna jar leda a kafar, na ɗauki hasken da ya kutso, na ɗora shi a gefen hotunan. Da ya zauna a wurinsa sai da na ture kujerata baya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da aikin ya riƙa tono mini. Duk lokacin da hoto ya ƙara tsufa a gabana sai gidan ya ƙara matsowa. Na ji warin dusar da ake jiƙa wa awaki. Na ji muryarsa yana cewa, "Kada kowa ya motsa," da ɗan ƙaras ɗin da kyamarar take yi, da kukanta idan yana murza fim. Amma da na nemi fuskarsa sai na rasa. Na rufe ido na yi ta nema. Abin da yake zuwa kawai dogon mutum ne rana tana bayansa, da jar roba a inda fuska ya kamata ta kasance. Sau da yawa ina tsakar aiki sai in ji akwai mai tsaye a bayana a bakin ƙofa, ya tare mini haske. In waiga, titi ne kawai da masu babur. Ba na cewa wani abu ne. Na dai juya teburin ya koma fuskantar ƙofa.

A gida kuma lokaci ba ya jirana. Wata safiya Inna ta gaishe da matata da gaisuwar baƙi, sai da matar tawa ta yi magana ta gane ta. Suka yi dariya su biyu. Ni na bar kokon da nake sha na tafi shago.

Saura inuwa. Ita ba ni da abin kwaikwayo sai abin da na tuna lokacin da nake goge ta, ni kuwa a lokacin ban tsaya kallonta ba. Na ce ai jini ɗaya ne, tsawonmu ma an ce ɗaya. Wata yamma na fita bayan gari wajen duwatsu, na sami fili, na ba rana baya, na ɗaga waya saitin ido, na buɗe gwiwoyin hannu, na ɗauki inuwata. Na yanko ta na kwantar a ƙasan hotunan, na rage mata ƙarfi har tsakuwoyi suka fito ta cikinta. Na buga su ƙanana a takarda marar sheƙi, na bar musu farin baki, na zagaye kusurwoyin da almakashi. Na ajiye ɗaya kusa da na Goggo, na kira maƙwabcina tela na ce ya nuna mini sabon. Ya nuna na Goggo.

Na kai mata bayan la'asar, naɗe a kallabinta. Na durƙusa na ce, "Inna, ashe akwai sauransu a cikin kwamfuta. Na samo su." Ƙarya ce, kuma tun a hanya na shirya ta.

Ta warware kallabin. Ta ɗaga na farko dab da ido. Na ga ta bi jan hasken da yatsa, ta gyaɗa kai. Sannan idon ya gangara ƙasa ya tsaya. Ta daɗe a haka. Fuskoki sun riga sun ɓace mata, amma baƙi a kan fari tana ganinsa.

"Wannan ai kai ne, Auta."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Kai ne. Kai kake tsayawa ƙafa biyu daidai kamar turmi. Ga kunnuwanka nan ma." Ta ajiye shi a cinya, ba ta tura shi gefe ba. "Sauran duk ka yi daidai. Har wutar nan ta gefe."

Na ce, "Ki yafe mini, Inna. Ban san yadda take ba. Ban kalla ba."

Sai ta dafa bango ta miƙe.

"Ba ni hularka."

Na cire na ba ta. Matata tana tankaɗe a ƙofar kicin, da ta ga abin da ake shirin yi sai ta tattara farantinta ta shige ciki. Inna ta ɗora hular a kan kallabinta, ta tura ta baya, ta karya ta gefen hagu. Ta lalubo sabulun wanki a bakin rariya ta riƙe da hannu biyu kamar kyamara. Ta taka tsakar gida a hankali har ta ji rana a bayanta. Ta sauke nauyinta a ƙafar dama, ta ɗan lanƙwasa ta hagu. Ta kai sabulun idon hagu, ta kwantar da kai, gwiwar hannun hagu ta tashi sama, ta dama ta manne a haƙarƙari.

"Idon daman ba ya gani da shi sosai," in ji ta, sabulun ya rufe mata fuska. "Tun ƙyanda. Ɓoyewa yake yi, ko Goggonku ba ta sani ba. Ƙafar kuma ƙaya ce ta taɓa shiga. Ta warke, amma bai daina tausaya mata ba."

A tsawon rayuwata ban taɓa jin ta yi magana a kansa da ta kai haka yawa ba. Na kasa kallonta, sai na kalli ƙasa. Rana ta yi ƙasa sosai, ta ja gajeriyar tsohuwa ta mayar da ita dogon saurayi, zaninta da mayafinta suka zama doguwar riga. Abin da na shafe sau goma sha tara yana kwance a tsakar gidana, daga ƙafafunta har bakin tabarma. Nan take na gane shi, ni da na ce ban kalla ba.

"Ɗauka mana," ta ce. "Rana za ta faɗi, ni kuma ƙafata ba ta saurayi ba ce."

Na zagaya bayanta na tsuguna don tawa inuwar ta ɓuya a cikin tata, na miƙa wayar ta gefen kafaɗarta. Na ɗauka sau uku, biyu sun girgiza.

Ta miƙo mini hulata, ta mayar da sabulun inda yake, ta ɗauraye hannu, ta koma tabarmarta ta zauna sai ka ce ruwa ta je sha. Sai na kama maganar aiki. Na ce, "Ban san daidai inda zan sa ta ba a kowane hoto. Tsawonta ba ɗaya ba ne."

Tana naɗe hotunan a kallabin ta amsa, ba ta ɗago ba.

"Ka bi idona. Inda nake kallo, nan kansa yake."

Washegari na buɗe hotunan a shago. Na ja siririn layi daga sunkuyayyen kanta zuwa ƙasa, na bi shi. A na gindin darbejiya ya sauka a kan tsakuwoyin da na dasa. A na gaban rumbu, haka. A wanda nake cinyarta ina kuka, kowa yana kallon kyamara ko yana kallona, ita tana kallon wani wuri taku biyu daga yatsun ƙafarta, daidai inda na fi cika yaɓe. Na bi su duka goma sha tara, ko ɗaya bai kauce ba. Tun ina yaro nake ganin hotunan nan, abin da nake gani kullum mace ce da ta ƙi kallon ɗanta. Na rufe ƙofar shagon na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara bakwai, sannan na wanke fuska na sa kowace inuwa inda idonta ya nuna mini.

Da na kai mata ba ta ce sun yi ba, ba ta ce ba su yi ba. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ta naɗe, ta ce a miƙo mata kwallarta. A ranar ta cinye tuwonta.

Idon ya ƙarasa tafiya kafin kaka. Har yanzu idan ta idar da la'asar ana jin murfin kwalla. Ta daina ɗaga su zuwa fuska, a cinya take ajiye su, ta sunkuyar da kai.